Abin da bin sawun motar Patterson-Greenfield ya koya mini

A ƙaramin garin Greenfield da ke jihar Ohio ta Amurka, kamfanin C.R. Patterson & Sons ya fara fitar da mota mai suna Patterson-Greenfield a 1915. Shi ne kamfanin ƙera mota mallakin baƙar fata da aka fi sani a tarihin ƙasar, amma har yau ba a san inda ko ɗaya daga cikin motocinsa take ba. Wanda ya ɗauki tarihin irin wannan kamfani a matsayin aikin bincike, kamar yadda na yi, ba shi da ƙarfen da zai taɓa. Takarda ce kawai shaidarsa.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne yawan masu faɗin magana ba ya mayar da ita gaskiya. Ka ɗauki Charles Richard Patterson, wanda ya kafa gidan. An haife shi a Virginia a 1833, ya koyi ƙira. Rubuce-rubuce da yawa suna cewa gudowa ya yi daga bauta dab da yaƙin basasar Amurka, wasu kuma suna cewa iyalinsa sun riga sun zauna a Greenfield shekaru kafin nan. Labarin gudun ya fi daɗin ji, shi ya sa ya fi yawo. Idan ka bi shafuka goma da ke ɗauke da shi, sau da yawa za ka tarar junansu suke kwafa. Haka batun yawan motocin: wasu su ce 30, wasu 150. Na koyi in tambayi kowace jimla daga ina ta fito, in kuma fi bai wa tallar jarida ta lokacin daraja a kan bayanin da aka rubuta bayan shekara ɗari. Ga wani tarko kuma: a garin Flint na Michigan akwai kamfanin W.A. Paterson, shi ma daga keken doki ya koma mota, ya yi aiki har 1923. Mai gaggawa yana iya haɗa hotunan gidajen biyu bai sani ba.

Amma darasin da ya fi zauna mini a rai daban ne. Mota na fita nema, sai na tarar motar ce mafi ƙanƙantar sashe na labarin. Patterson ya yi haɗin gwiwa da wani mai ƙera keken doki, J.P. Lowe, a 1873. Bayan shekara 20, a 1893, ya saye kason abokin nasa ya sa wa kamfanin sunansa. Da ya rasu a 1910, ɗansa Frederick ya gaje shi; Frederick ɗin shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa jami'ar Ohio State ƙwallon Amurka. Frederick ya ga keken doki yana raguwa a titi, sai ya fara gyaran motocin mutane, daga nan ya ƙera tasa mai injin silinda huɗu, ya sa mata dala 685.

Lokacin bai zo masa da sauƙi ba. Tun 1913 Ford ya kafa layin harhaɗa mota a Highland Park da ke Michigan, yana fitar da motarsa ƙirar Model T dubban ɗaruruwa a shekara, yana sayarwa ƙasa da dala 500. Mai haɗa mota ɗaya bayan ɗaya da hannu ba zai ja da wannan ba, komai kyan aikinsa. Zuwa 1918 Frederick ya daina.

A nan yawancin marubuta suke ajiye alƙalami, kuma ina ganin rashin adalci ne ga mutanen. Kamfanin bai mutu a 1918 ba. Ya koma ƙera bodin bas da na manyan motoci, yana ɗorawa a kan ƙashin motocin Ford da General Motors, kamar yadda masu bodin katako suke yi wa manyan motoci a garuruwanmu. Makarantu suka riƙa sayen bas ɗinsa don jigilar yara. Wannan aikin ya riƙe ma'aikata kusan shekara 20, alhali motar da ake ta ambato shekara uku kawai ta yi. Tun da na gane haka na sauya inda nake dubawa: na rage bin mujallun masoya tsofaffin motoci, na koma neman abin da ya shafi cinikin bas da makarantun yankin, domin a can ne gumin gidan ya fi zuba.

Frederick ya rasu a 1932, a tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka. 'Ya'yansa suka ci gaba, suka mayar da aikin garin Gallipolis da ke Ohio suna neman mafita, amma a 1939 aka rufe ƙofa, shekara 66 bayan kakansu ya shiga haɗin gwiwa da Lowe.