Kabad ɗin da na haɗa wa amarya

Jiya da la'asar na tarar da ɗan maƙwabcina a nan Agege ya jibge katako a ƙofar gida, waya a hannu, wai kabad zai haɗa wa mahaifiyarsa. Na ɗaga guda ɗaya na ji nauyi, ɗanye sharaf. Na ce, "Yaro, wannan bai bushe ba." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Baba, a bidiyon ba a faɗi haka ba."

Abin ya tsaya min a rai, don ni ma ta nan na bi. Sabon aure, kwanukan amarya jere a ƙasa, kafinta ya yanka min kuɗin da na ga zalunci ne. Na hau mota sai Oko-Baba a Ebute Metta, inda a lokacin ake jawo gungume ta cikin ruwa a tsaga shi. Mai katakon da bakinsa ya ce in jingine shi ya sha iska, na ɗauka surutun kasuwa ne. Da aron zarto da guduma na gama cikin kwana uku, ban taɓa sukwaya ba, wato abin daidaita kusurwa, ido kawai. Kuma tsakani da Allah ya yi kyau, har matan gidan suna shigowa kallo. To wa ke da wurin shanya katako wata biyu a Legas? Ɗaki ɗaya muke haya.

Da hunturu ya shigo katakon ya tsuke, ƙofa ta murɗe, bayan ya buɗe har yatsa na shiga. Kyankyasai suka tare. Rannan kantar sama ta zame da farantan tangaran da gwaggonta ta kawo mata daga Kano. Har yau in mun yi baƙi sai ta tayar da maganar.

Ku samari masu son haɗa kabad, ku sayi filawud, wato fallen katakon da aka manne hawa-hawa, mai ƙafa 4 da 8, ba ya wannan tsukewar. Kafin ku buga bayan, ku ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu. In awon bai zo ɗaya ba, ƙofa ba za ta rufu ba. Ku yi wa kabad ɗin ƙafafu, ruwan Yuni ba ya sallama.

Da na so in ce ku fara da benci. Amma benci me zai koya muku? Ku je wurin kafinta ku zauna mako guda, ko da yake na san ku, minti goma ba za ku yi ba kun zaro waya. Ni ma dai ban je ba.

Yau da asuba, ina dawowa daga masallaci, na ji ƙarar gudumar yaron nan.