Tsintsiyar da ta share muryar Gwaggo

Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni, don ni na sa wa Hajiya manhajar kallon bidiyon nan da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Wayar Hajiya tsohuwa ce, irin masu Android Go ɗin nan da suka fara shigowa a 2018. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita nan take, 1GB, cikinta 8GB, sai memori mai 16GB da na ƙara mata. Ba ta komai da ita sai sauraron tafsiri da kallon bidiyon jikoki da ƙanwata ke turowa daga Abuja. Rigimar ta faro ne daga bidiyon bikin autarmu. Mai hoto ya kawo, aka tura a memori, sai hoto ya riƙa maƙalewa murya tana gaba abinta, wayar kuma ta ɗau zafi kamar an ciro ta daga murhu, a sanyin Jos na Disamba fa.

Na ɗauka laifin manhajar da ta zo da wayar ne. Na shiga Play Store, na ga wata mai taurari da yawa, hotunanta sai sheƙi, na sauke ban karanta ra'ayin mutum ko ɗaya ba. Duk izinin da ta nema na ba ta, har na shiga lambobin waya. Me abin kunna bidiyo zai yi da lambobin mutane? Sai da aka yi ɓarna wannan tambayar ta zo mini.

Bidiyon bai gyaru ba, sai talla da ke faɗowa tsakiyar karatu. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A saman allon akwai hoton tsintsiya, da jan rubutu da Turanci wai waya ta cika da shara. Hajiya ba ta karanta boko, amma ta san aikin tsintsiya. Ta danna, jerin abubuwa ya fito duk an riga an yi musu alama, ta sake dannawa.

Washegari bayan asuba ta aiko a kira ni. "Kai, zo ka duba mini, muryar Gwaggonku ta ɓata."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, amma ita da Hajiya kamar ciki ɗaya suka fito. Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta. Saƙonnin muryarta na kwaso daga wayar Hajiya ta baya na ajiye a memorin nan, kuma babu su a wani wuri. Manhajar ta ɗauke su tsofaffin fayiloli marasa amfani.

Sai na ƙara wata wautar. Don in kwantar mata da hankali, na sake loda tafsirin da ya goge a kan memorin, sannan na nufi wajen masu gyara a Terminus. Yaron ya sa a kwamfuta, ya dawo da 'yan hotuna, muryar kuwa ko ɗaya. Ya ce, "Oga, da ka zare memorin nan take. Abin da aka goge yana nan kwance sai an rubuta sabo a kansa, kai kuma ka rubuta." Na rasa bakin magana.

Shi ya gano mini ciwon bidiyon ma. Da tsarin matse bidiyo na H.265 mai hoton ya fitar da shi, a 1080p, wato hoto mai kaifi sosai, kuma irin waɗannan tsofaffin wayoyi da yawa ba su da ɓangaren da ke warware shi kai tsaye, dole ƙwaƙwalwar wayar ta yi ta fama da ƙarfin tsiya. Zafin ke nan, maƙalewar ke nan. Ko manhaja goma na sauke ba abin da zai canza. Ya mayar da shi tsohon tsarin H.264 a 480p mai sauƙin nauyi, ya tafi sumul. Ashe tun farko ba sabuwar manhaja nake bukata ba.

Yanzu manhajar kallo ta VLC ce a wayar. Ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke yin ta, asalinta aikin ɗalibai ne, kyauta ce, ba talla, ba tsintsiya. Alamarta abin nan mai ruwan lemo da ake jerawa a titi in ana gyara. Hajiya mazurari take ce masa. Na zaɓar mata folda biyu kacal da za ta riƙa nunawa, tafsiri da jikoki, don kada komai na WhatsApp ya cakuɗe a ciki. Tana ci gaba daga inda aka tsaya, tana kunna bidiyo a matsayin murya kawai allo a kashe, caji ya daɗe. Akwai kuma makullin allo, don Hajiya kan riƙe waya da tafin hannu gaba ɗaya.

Duk manhajar kallo da ta ce za ta share maka waya, ko ta sanyaya batir, ko ta nemi lambobinka, ni dai na gama da ita, ko taurarinta sun kai na sama.

Bayan mako biyu 'yar Gwaggo ta samo saƙo guda a wayarta, bai kai minti ɗaya ba, tana tambayar ko an kai wa Hajiya zogalen da ta aiko. Yana memori, yana kwamfutata, yana wayar ƙanwata a Abuja. Hajiya takan kunna shi bayan la'asar, wani lokaci har ta amsa mata, "An kawo."