Fiƙoƙin yumɓu da suka karye mini sau biyu

Ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji nan Damagaram. Bara na ɗaura aniyar ƙera wa ɗalibaina ƙoƙon kan Smilodon, dabbar nan mai kama da zaki, mai fiƙoƙi biyu zaƙo-zaƙo, wadda ta rayu a nahiyar Amurka ta ƙare kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Jagorata hoto ɗaya ne a waya, na wani ƙoƙon kai da aka tono daga ramukan kwalta na La Brea a Los Angeles.

Ban taɓa ginin yumɓu ba, sai na nufi Mirriya wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane. Ƙoƙon bai ba mu wuya ba. Fiƙoƙin ne suka sha mu. A jinsi mafi girma, na Kudancin Amurka, fiƙa ɗaya takan kai santimita 28, kusan tsawon rular ɗalibi, kuma ba mulmulalliya ba ce kamar ƙaho, mai faɗi ce marar kauri kamar wuƙa. Ta farko ta karye wajen shanya. Ta biyu ta sha wuta lafiya, hannun rigata ya ɗan taɓa ta daga gefe, sai ji na yi ƙas.

Tsohuwar ta ce, "Malam, abu dogo siriri ba ya son a bi shi ta gefe."

Na ce, "Inna, ai kin gama mini darasin."

Abin da masana ke faɗa ke nan, na sha karantawa bai zauna mini ba sai ranar. Fiƙa irin wannan ba ta jure fizge-fizgen dabbar da ke neman ƙwacewa, shi ya sa ake ganin sai Smilodon ya danne ta da ƙaƙƙarfan ƙafafunsa na gaba kafin ya kai baki. Muƙamuƙin ma ya koya mini nasa: da na buɗe shi daidai na zaki, fiƙoƙin suka tare bakin, ko loma ba za ta shiga ba. Sai da na wangale shi sama da digiri 100.

Daga ƙarshe wani masassaƙi ya fiƙe mini su da icce. Ranar da na kai aji, wani yaro ya tambaya ko a Gadufawa aka tono shi, wato wurin nan na hamadar Nijar da ake tono ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin zamanin da. Na ce a'a, dinoso na can sun riga shi da miliyoyin shekaru. Bai saurari ƙarshen amsar ba, yana can yana gwada fiƙar da rularsa.