Ƙofar Kabuga a kan falanki: matakin kwali

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a ta gina ƙaramin samfurin fagen tarihi a kan falanki, ga inda aikina ya kai. Abin da nake son ginawa shi ne safiyar 3 ga Fabrairu 1903, ranar da rundunar Turawan Ingila ta Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya, ta faɗa wa Kano ta Ƙofar Kabuga. Har yanzu ban taɓa fenti ba, ban kwaɓa ƙasa ba. Kwali ne kawai da ashana da salatif a kan falanki mai tsawon santimita 60 da faɗin 40, kuma ina ba ku shawara ku daɗe a wannan mataki, domin a nan ake gane abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Na zaɓi ma'aunin 1/72, wato santimita 1 a kan falanki daidai yake da santimita 72 a zahiri. A wannan ma'auni namiji tsayayye bai wuce santimita 2 da rabi ba, kusan rabin tsinken ashana ke nan. Badala mai tsawon mita 10 kuwa za ta tashi santimita 14. Da 1/35 na ɗauka, da ganuwar kaɗai ta kusa santimita 29, ta cinye fagen ta bar mutane a maƙale a gindinta. Ku ɗauki biro ku yi wannan lissafi tun kafin ku sayi ɗan sojan wasa ko ɗaya.

Lissafin ne ma ya raba ni da igwa. Da farko niyyata in sa manyan bindigogin Turawa a gefe guda, ganuwa a ɗaya gefen, ana luguden wuta. To amma falankin nan gaba ɗayansa mita 43 ne a zahiri. Ko da a ce mita 300 ne tsakanin igwa da badala, sai na nemi tebur da ya haura mita 4. In kuwa na matso da su kusa don su shiga, duk wanda ya san yaƙi zai ga wasan yara ne, don babu mai girke igwa inda kibiya za ta same shi. Saboda haka na bar harbin a wajen fage, na ɗauki lokacin da ƙofa ta riga ta karye, sojoji na rugawa ciki. Aikin igwar sai a gan shi a jikin gini: ƙyaure a farfashe, 'yan ramuka a bango inda harsasai suka nutse ba su rushe komai ba. Kaurin ƙasar ne ya shanye su, shi ya sa da suka gwada Ƙofar Dukawuya abin ya gagara suka zagayo Kabuga.

Ganuwar ban jera ta daidai da bakin falanki ba, na karkata ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Da na gwada ta a miƙe sai ta fito kamar katangar makaranta. A karkace kuwa ido na bin ta har bakin ƙofa, ga kuma fili ya samu a baya da zan nuna cikin birni, inda badalar ke gangarowa da matakin da masu tsaro ke tsayawa suna harbi ta kafofi. A gabanta na yanke gwalalo, zan cika shi da ƙaya daga busassun saiwoyin ciyawa.

Tsinken ashana su ne mutanena a yanzu. Waɗanda na bar wa jan kansu sojojin Turawa ne, waɗanda akasarinsu baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa a cikinsu, farare 'yan ƙalilan. Waɗanda na karye wa kai su ne Kanawa. Ina soka su a farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, in tsuguna in sa idona daidai da falanki, in ɗauki hoto da waya. Hoton kan tona cunkoson da ido bai lura da shi daga sama ba, kuma da shi na rage kusan rabin mutanen. Dawakai masu lifidi ma na cire su, ko da yake su ne suka fi burge ni. Sarkin Kano Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, Sarkin Shanu aka bar wa gari, haɗuwar mahaya sai daga baya a Kwatarkwashi.

Abu biyu ga mai shirin bin sahu. Kada fentin feshi ko gam mai ƙarfin wari ya taɓa soson nan, narkar da shi yake yi. Farin gam na kafinta shi ne daidai. Sannan yashin gini bai dace ba, don ƙwaya mai milimita 1 dutse ce mai santimita 7 a idon ɗan sojanku. Jar ƙasa zan daka in tankaɗe da rariyar gari, in gauraya da gam, in shafa siriri-siriri don kada ta tsage. Gwaji na gaba shi ne launi: Fabrairu lokacin hunturu ne, ciyawa ta bushe, ƙura ta dusashe komai, don haka zan shafa kala uku a guntun kwali in fitar da su rana in ga wanda ya fi kama da badala.