Zurfin layi na takardar da ake rubutawa ne, ba na manhaja duka ba

Duk mai koyon rubuta manhaja zai kai ranar da zai so ta fitar da rubutu mai hawa-hawa, wato wanda kowane layi yake matsawa ciki daga gefen hagu gwargwadon zurfinsa, irin fayil ɗin YAML (wani tsarin rubuta saitin manhaja) ko rahoton da yake nuna wane aiki ne ya kira wane. Wahalar tana zuwa ne idan sassa da yawa na manhajar suna rubutu a wuri guda, domin tilas kowannensu ya san zurfin da aka kai kafin ya ɗora nasa layin. Shawarata gare ku ƙannena ita ce ku ajiye wannan lamba a jikin abin da yake yin rubutun, kada ku bar ta a fili inda kowa zai sa mata hannu. Ni na bi ɗaya hanyar, kuma na ji a jikina.

Ina rubuta wata manhaja da Python mai fitar da fayilolin saiti, sai na buɗe ƙaramin fayil mai suna tsari.py, na rubuta zurfi = 0 a ciki, sauran sassan kuma suka ɗauko shi da from tsari import zurfi. Sashe na farko ya ƙara huɗu, amma na biyu ya ci gaba da ganin sifili, layukansa duk suka manne da gefe. Dalilin shi ne, irin wannan ɗauko yana ba kowane sashe sunansa na kansa, kuma idan sashe ya ba sunan sabuwar lamba, nasa kaɗai ya canza. Na gyara da import tsari, ina rubuta tsari.zurfi a ko'ina, na ɗauka an gama.

Ashe babbar ɓarnar tana gaba. Kowane aiki yana ƙara zurfi idan ya shiga, ya rage idan zai fita, to amma idan kuskure ya auku a tsakani, aikin yakan fice ba tare da ya kai layin ragewar ba, wani sashe na sama ya tare kuskuren, manhaja ta ci gaba da rubutu a karkace. A rahoto wannan muni ne kawai, amma a YAML tazarar gefe ma'ana ce: wani saiti da ya kamata ya tsaya da kansa sai ya koma ƙarƙashin na samansa, fayil ɗin ya karantu lafiya lau, babu abin da ya yi ƙorafi. Na daɗe ina zargin manhajar da take karanta fayil ɗin kafin na gane laifin a wurina yake. Da na sa zare biyu, wato hanyoyin aiki biyu masu gudana tare a cikin manhaja ɗaya, suna rubuta fayiloli biyu a lokaci guda kuwa, sai lissafin ya zama na mutum biyu masu zuba kuɗi a aljihu ɗaya, kowa yana ƙara wa ɗan'uwansa yana rage masa.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in gina marubuci guda, wato wani abu a cikin manhajar wanda yake riƙe da fayil da kuma zurfinsa, in miƙa shi ga duk aikin da zai yi rubutu. Shiga da fita kuma a ɗaure su da with (umarnin Python mai haɗa buɗe aiki da rufe shi), a sa ragewar a cikin finally (sashen da yake gudana ko da kuskure ya auku), ta yadda ko kuskure ya auku zurfin zai koma inda yake. Manya sun riga mu bin wannan tsari: a .NET, dandalin rubuta manhaja na Microsoft, akwai IndentedTextWriter mai ɗauke da Indent a jikinsa, Protocol Buffers na Google ma yana da Printer mai Indent da Outdent.

Ku kuma riƙa ƙidaya hawa, ba gurabe (space) ba, ku bar wa marubucin shi kaɗai sanin faɗin kowane hawa, domin ƙa'idojin sun saɓa wa juna. PEP 8 na shekarar 2001, ƙa'idar salon rubutun Python, ya ce gurbi huɗu, gofmt mai gyara tsarin rubutun harshen Go yana sa tab (alamar tsallake tazara a lokaci guda), Makefile, fayil ɗin umarnin gina manhaja, yana buƙatar tab a farkon layin umarni, YAML kuwa ya haramta shi a gefe. Ni na warwatsa lambar huɗu a cikin sassa da yawa, ranar da aka nemi gurbi biyu sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai inda miƙa marubuci daga aiki zuwa aiki ba ya yiwuwa, musamman wajen rubuta tarihin abin da manhaja take yi, inda kira yake ratsa rubutun manhajar wasu da ba ku da ikon canzawa. A nan ku yi amfani da contextvars, wanda ya shigo Python 3.7 a 2018, domin yana ba kowane zare da kowane aikin asyncio (hanyar Python ta gudanar da ayyuka da yawa bi da bi) zurfinsa daban, kuma ku tabbata kun mayar da shi da reset a cikin finally.