Talata: Mun yini a kan kalmar tartili

Yau bayan La'asar karatun zaure ya tsaya a aya ta 4 cikin Suratul Muzzammil, "wa rattilil Ƙur'ana tartila", har ladanin Masallacin Shehu ya kira Magariba ba mu wuce ta ba. Wani ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai tartili jan karatu ne a hankali." Malam ya ce a buɗe littattafai.

Tafsirin Jalalaini a taƙaice ya ce "tasabbat fi tilawatihi", wato ka natsu cikin tilawa. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa bayyanawa ake nufi, kowane harafi ya fito sarai. Ibn Kasir ya karkata ga sannu-sannu, domin ita ke taimaka wa fahimta da tadabburi. Sai wadda Ibnul Jazari ya kawo daga Sayyadina Ali: kyautata haruffa da sanin wuraren tsayawa. A lugga kuwa, Larabawa kan ce "ratil" ga haƙoran da suka jeru daidai, babu wanda ya hau wani.

Ni dai fassarar Sayyadina Ali ta fi kwanta mini, don ita ce ake iya aunawa. Malaman tajwidi sun kasa saurin karatu uku: tahƙiƙi (a hankali), tadwiri (tsaka-tsaki) da hadari (da sauri), kuma duk ukun tartili ne matuƙar ba a danne haƙƙin harafi ba. Gunna, wato sautin da ke fita ta hanci, haraka 2 ce ko kana sauri (haraka ita ce tsawon furta wasali ɗaya gajere). Maddul muttasil, wato jan da hamza ke bi a cikin kalma ɗaya, a ruwayar Warshu haraka 6, a ta Hafsu 4 ko 5.

Mai hadari a Tarawihi yakan haɗiye gunna, ya sauke shaddar "iyyaka", numfashi ya ƙare masa a "fawailun lil musallin" (bone ya tabbata ga masu salla) ya tashi daga nan bai koma baya ba, ma'ana ta juye. Mai ja fiye da kima shi ma bai tsira ba: fataha takan miƙe a bakinsa ta zama alifi, ya ƙara harafin da babu shi a Mus'hafi. Wannan ta fi damuna, domin jama'a na jin zaƙin murya su ɗauka shi ne tartili.

Malam ya sa ɗalibin nan ya karanta Fatiha sau uku, kowanne da nasa sauri, yana ƙirga masa maddi da yatsa. A na hadarin ne "walad dallin" ta gaza haraka 6, aka ce ya sake. Gobe za mu duba abin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ce a tafsirinsa Liya'ut Ta'awili.