Saƙon godiya bayan aikin Yaya

Alhamdulillah, an sallamo Yayarmu daga asibiti, tana samun sauƙi. Waɗanda suka yi ta kira ba mu ɗauka ba, a yi mana afuwa, hankalin ne ba a kwance ba.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko ga likitar haƙori ce. Yaya ta je ne a cire mata turmi ɗaya da ke girgiɗi, ga kumburi a muƙamuƙin ƙasa. Likita ta ce ba za ta taɓa haƙorin ba sai ta ga hoton muƙamuƙin gaba ɗaya. Hoto ya nuna rami a cikin ƙashi, sannan siririn farin layin nan da ke kewaye saiwar kowane haƙori ya dushe, ba a wuri ɗaya ba. Daga nan ta shiga tambayoyin da muka ga ba ruwansu da baki: Akwai yawan ƙishirwa da fitsari? Ƙasusuwa na ciwo? An taɓa samun tsakuwa a ƙoda? Duk Yaya ta amsa da e.

Aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, aka ce ba kansa ba ce. Sai dai likita ta bayyana mana cewa irin wannan ƙari yana da tagwaye, a madubin gwaji kamarsu ɗaya, jini ne kaɗai ke raba gardama. Aka ɗebi jini, sai ga kalsiyam ya zarce ƙa'ida, haka ma sinadarin faratairod. Ashe tushen ciwon a wuya yake. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gaɓoɓi 4, su ne faratairod ɗin, a bayan tairod, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, aikinsu daidaita kalsiyam a jini. Ɗaya ce ta yi ƙari, ta dinga kwasar kalsiyam daga ƙashi tana zubawa a jini, har muƙamuƙi ya rarake. Ni dai har yau abin da ke girgiza ni shi ne, da an bi kumburin kawai, da an yanke mata ƙashi, ciwon kuma yana nan daram.

Likitocin tiyata, Allah ya saka. A wuya suka yi aiki, muƙamuƙi ba a taɓa shi ba. Ma'aikatan jinya kuwa su suka lura lokacin da leɓɓanta da yatsunta suka fara jin kamar ana tsira allura, alamar kalsiyam ya faɗi saboda ƙashi ya koma zuƙarsa, suka kira likita nan take.

'Yan uwa da abokan arziki da suka kwana, suka taimaka, suka yi addu'a, Allah ya bar zumunci. Yanzu tana shan kalsiyam da bitamin D, za a riƙa maimaita hoto a ga yadda ramin ke cikowa. Masu son zuwa dubiya a ɗan saurara tukuna, doguwar magana na gajiyar da ita.